Yadda Muka Saya wa Nasiba Tirela a Jidda

Daga Mai Wurno zuwa Bor Sudan

Tun kafin kiran assalatu na fito, Inna tana biye da ni tana laluben bango, don a lokacin idonta ya riga ya yi nisa. Saƙonta ɗaya ne, kuma ta maimaita shi har na haddace: "Mamman, ka taho mini da Bala. Ina so in ji muryarsa tun kunnena yana aiki." Bala ƙaninta ne, ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. Ya tafi aikin hajji yana saurayi, ya zauna a Jidda, shekara talatin ke nan sai dai gaisuwa a bakin alhazai. Ni tela ne, ban taɓa wuce Sinnar ba, amma ni ne babba a ɗakin, ba wanda zan tura wa.

Daga garinmu Mai Wurno, a ƙasar Sudan, motar auduga ce ta kai ni Sinnar, ina zaune a kan buhu. Daga nan na shiga jirgin ƙasa, aji na huɗu, inda mutum da akuya darajarsu ɗaya. Muka bi ta Gadarif da Kasala da Haya. A kowace tasha sai jirgin ya tsaya kamar ya manta abin da ya fito yi. Guzurina kisira ce, wato siririyar wainar dawa, da busasshen nama, sai shayin da mata ke miƙowa ta taga. A Kasala na tambayi mai duba tikiti yaushe za mu isa, ya ce, "Idan mun isa za ka ga ruwa." Bai yi ƙarya ba, a rana ta uku na ga ruwa.

Jirgin ruwa kuwa ba zan ba ku labarinsa ba, don ban ga komai ba sai ƙasan bokiti.

Jidda, unguwar Karantina

Da hantsi muka sauka a tashar jiragen ruwa. Aka duba katin allura, aka buga wa takardata hatimin umara na mako biyu. Ina fitowa wani dattijo siriri ya tsaya a gabana, ya ƙare mini kallo, ya ce, "Wannan goshin na Yaya ne." Sai ya rungume ni. Warin doki yake yi tun daga hula har takalmi, kuma nan take na ji ina son sa.

Karantina unguwa ce ta katako da gwangwani a kudancin gari, kuma idan ka rufe ido sai ka rantse a Mai Wurno kake, don Hausa ake yi ko'ina, sai dai an yayyafa mata Larabci. Kawu yana haya a gidan Hajiya Talatu mai masa. Ɗakinsa tabarma ce da akwati. Rumfar da ke jikin ɗakin ta fi ɗakin kyau, kuma a ciki ne ya gabatar da ni ga Nasiba, tsohuwar goɗiya ja mai fari a goshi, wadda ta shekara goma sha takwas tana ja masa karo, wato keken dakon kaya, daga tashar jirgi zuwa kantunan cikin gari. Yanzu manyan motoci sun ƙwace aikin, ita kuma ƙafarta ta gaba ta fara ɗingishi.

Bayan mun ci ful, wato dafaffen wake, da burodin tamis na isar da saƙon Inna. Ya juya kofin shayi a hannunsa.

"Zan bi ka, Mamman," in ji shi. "Wallahi ina son ganin Yaya. Amma masu sayen tsohon doki a garin nan dakon dutse suke sa shi har ya faɗi. Ba zan yi wa Nasiba haka ba."

Ya ce wani abokinsa, Alhaji Usmanu, yana da gona a Wadi Fatima, ya yarda ya riƙe ta. Matsalar ita ce kai ta. Ƙafarta ba za ta iya tafiyar ba, kuma ba za ta iya hawa babbar mota ba. Sai dai tirelar doki, irin ƙaramin ɗakin nan mai taya da mota ke ja. Alhaji Usmanu ya ce a nemo ta hannu, in an gama zai riƙa kai tumaki kasuwa da ita. Jirgina zai koma ranar Alhamis ta sama. Idan Nasiba ba ta tafi ba, Kawu ba zai tafi ba, ni kuma in koma in gaya wa makauniya cewa goɗiya ta fi ta.

Washegari da asuba na ga wani abin da ya ba ni dariya, daga baya kuma ya ba ni tausayi. Kawu ya fito da Nasiba, ya tsayar da ita a gaban karo, ya dafa goshinta yana cewa, "Baya, baya, 'yar albarka." Ta ja da baya a hankali har ta shige tsakanin sandunan karon nan biyu, ya ɗaura mata. Suka zaga unguwa da karo ba kaya, suka dawo. Kullum haka yake yi, wai don kada ta gane an daina bukatarta.

Kasuwar haraj da Ammariyya

Na yi umarata ranar Juma'a, ranar Asabar muka shiga neman tirela. Mai kai mu shi ne Abdu, surukin Hajiya Talatu, haifaffen Jidda, mai ƙaramar motar ɗaukar kaya da suke kira wanit. Hausarsa takan fara lafiya lau, kafin ya kai ƙarshen magana ta zama Larabci.

Da farko ya kai mu Ammariyya wurin wani mai walda Bayamane. Tirelar tana bayan shago, kaji sun mayar da ita gida. Faɗi gare ta, ta doki biyu ce, amma tsatsa ta ci fentin, kuma rabin ƙofar baya na sama babu shi, an cire an yi murfin rijiya. Abdu ya leƙa, kaza ta tashi ta kansa.

"Yalla, ya Ammi, mu tafi," in ji shi. "Wannan ko jaki aka sa ciki sai ya kai mu ƙara."

Muka yi dariya muka wuce haraj, kasuwar gwanjon garin, inda ake sayar da komai tun daga injin jirgi har haƙorin roba. Can muka sami wata fara tas, ta doki ɗaya, wadda wani Bature ya bari da zai koma ƙasarsu. Tayoyi sababbi, ƙofa mai sakata, har da 'yar taga a gaba. Ni da Abdu muka kamu da son ta. Kawu bai kula fenti ba. Ya shiga ya yi tsalle a kan katakon ƙasa, ya kwanta ya duba ƙarfen da ke riƙe tayoyi, ya jijjiga wurin da ake maƙala ta a mota, ya shafa bango ko akwai ƙusa. Sannan ya ce wa dillali, "Ba ni zan shiga ba. Sai mai ita ta gani."

Dillalin ya san Abdu, ya yarda mu ja ta zuwa Karantina mu gwada.

Kwana biyu a bakin ƙofar tirela

Aka sauke ƙofar baya ta zama gada. Nasiba ta zo, ta shinshina, ta kafe. Kawu ya ja, ni da Abdu muka tura. Aka kawo ciyawa, aka kawo dabino, ta miƙa wuya ta cinye ba ta ɗaga kofato ba. Unguwa ta taru, kowa ya zama masanin doki. Wani ya ce a rufe mata ido, aka rufe, ta fi kafewa. Wani ya ce bulala, Kawu ya yi masa kallon da ya sa ya tuna yana da aiki a wani wuri.

Haka muka yi Lahadi, haka muka yi Litinin. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na zauna a gindin bango ina tunanin Inna tana jin ƙarar kowace mota tana tambayar ko mu ne. Kawu ya zo ya zauna kusa da ni, kuma na ga shi ma abin yana cin sa.

Hajiya Talatu tana juya masa a tanda, duk abin nan a gabanta ake yi. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Malam Bala, shekara nawa ina ganin ku da asuba? Ni dai ban taɓa ganin goɗiyar nan ta shiga wani abu da gaba ba."

Kawu ya tashi. Ya juya Nasiba, bayanta yana kallon gadar, ya dafa goshinta. "Baya, baya, 'yar albarka." Ta ɗaga ƙafa ta hau, kamar tana shiga tsakanin sandunan karo, har ta shige duka. Mata suka rangaɗa guɗa. Amma da Abdu ya ɗaga ƙofa ya rufe, sai fuskarta ta koma cikin duhu, tagar tana can wajen wutsiya. Ta fara haniniya tana dukan bango, tirelar tana rawa, ga ta matsattsiya ba wurin gyara tsayuwa. Kawu ya buɗe da sauri, ta fito jiƙe da gumi.

"Wadda za ta tsaya da baya," in ji shi, "tana bukatar faɗi, da inda za ta leƙo da kai."

Muka dubi juna ni da Abdu. Ya dafe kai ya ce, "Ta kajin."

Hanyar Wadi Fatima

Ranar Talata muka mayar da farar, muka koma Ammariyya da kunya. Bayamanen ya kwashe ƙwai, ya yi mana ciniki mai sauƙi, ya ƙara da walda a wurin maƙalawa. Kawu ya sa kafinta ya canza katako biyu da suka ruɓe, muka sayi taya ɗaya ta hannu, aka zuba yashi da ciyawa a ƙasa don kada ta zame. Ni ma na sa hannu: na ɗinka tsofaffin buhuna na lulluɓe ƙarafan gefe.

Laraba bayan sallar asuba Nasiba ta shiga da baya ba gardama. Aka ɗaga rabin ƙofar, ta ɗora haɓa a kai tana kallon unguwa. Hajiya Talatu ta ba ta masa, ta goge ido da gefen mayafi tana cewa hayaƙi ne.

Muka kama hanyar Makka a hankali. Kawu ya ƙi zama a gaba, ya hau bayan wanit yana yi mata magana ta cikin iska. A shingen da ke kusa da Bahra ɗan sanda ya duba iƙamar Kawu, wato takardar izinin zama, da takardata, ya zaga baya, ya yi ido huɗu da Nasiba.

"Me ya sa take kallon baya?"

"Tana ban kwana da Jidda," in ji Abdu.

Ya yi murmushi ya ce, "Halas, ku wuce."

Muka tsaya a Hadda muka ba ta ruwa, mu kuma muka sha shayi. Daga nan muka bar kwalta. Kafin azahar sai ga dabinai da ruwa yana gudu a lambu, abin da ban zaci akwai shi a ƙasar nan ba. Alhaji Usmanu, wani kakkauran Bakatsine mai yawan dariya, ya tarye mu da shinkafa da naman rago. Nasiba ta sauko, ta shinshina ƙasa, ta kwanta ta yi birgima a yashi kamar yarinya. Kawu ya ce rabon da ta yi haka tun tana ƙarama.

Ya daɗe yana yi wa Alhaji bayani: ba ta son ruwa mai sanyi, ƙafar a shafa mata mai da yamma, kuma da asuba a ɗan zaga da ita ko da ba aiki. Alhaji yana ta cewa, "Na ji, Bala, na ji." Da la'asar Kawu ya dafa goshin Nasiba, sannan ya juyo.

Tirelar ta zauna a gona. Kawu ya hau bayan wanit, ya jingina da kan motar, fuskarsa tana kallon inda muka baro. Na ce ya shigo gaba saboda ƙura. Ya ce, "Bar ni, Mamman. Ni ma da baya zan fita." Ta madubi na hango Nasiba a bakin shinge, ta ɗaga kai, har dabinai suka rufe ta.

Komawa gida

Alhamis muka shiga jirgi. Karon kuwa Kawu ya bar wa Hajiya Talatu ta riƙa jera itace a kai. A jirgin ruwa Kawu ya tsaya a can baya har Jidda ta nutse. A jirgin ƙasa ma kujerar da ke kallon baya ya zaɓa, daga Bor Sudan har Sinnar. Ya ci abinci kaɗan, magana kaɗan. Na fara tsoron ko gangar jiki kawai zan kai wa Inna.

A Sinnar muka sami motar auduga, muka hau kan buhuna, ya sake juya baya. Muna tafe har aka fara jin iskar kogi. Sai ya ce, "Tsamiyar bakin kasuwa tana nan?" Na ce tana nan. Sai ya dafa kafaɗata, ya juyo a hankali ya fuskanci gaba.

Inna tana bakin zaure inda na bar ta. Kawu ya durƙusa ya ce, "Yaya." Ta laluba fuskarsa, ta kai hancinta kan hularsa, ta ce, "Har yanzu warin doki kake yi, Bala. Tashi mu shiga, tuwo ya huce."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da mu biyu. Na gode wa Abdu, da Alhaji Usmanu, da Hajiya Talatu wadda ta ga abin da maza uku ba su gani ba. Inna ta yi shekara huɗu tana jin muryar ƙaninta kafin ta koma ga Mahaliccinta, kuma yawancin hirar tasu labarin Nasiba ce.