Ranar da Na Janye Sandar Kawu

In na bi ta wurin masu sayar da kifi na ji ƙarnin jiƙaƙƙiyar raga, zauren kakata na Argungu nake tunawa, da kawuna zaune a bakin ƙofa, ƙafarsa ta dama a miƙe bisa buhu.

Ƙanen innata ne. Mazan gidan duk masunta ne, da rani kuma su gangara fadama noman albasa. Shi kaɗai ba ya zuwa ko'ina. Yana zaune yana ɗinke ragar da wasu suka yage a gulbi. In zai tashi sai da sanda, domin gwiwarsa ba ta rabuwa da kumburi. Kaka ba ta barin aska ta taɓa kansa, da almakashi take rage masa suma. Takan ce tun ranar kaciyarsa ta san jininsa ba ya jin magana. Mu yara ba wannan muka riƙe ba. Mun ji wasu manya suna raɗa cewa lalaci ne kawai, shi muka ɗauka. Mukan zagaya bayan rumbu muna kwaikwayon tafiyarsa, kuma ni na fi kowa iyawa.

Ina da shekara tara, lokacin cirar albasa, tsakar gida duk an shanya ta har tana sa ido hawaye. Kawu ya yunƙura zai tashi sallar la'asar. Ya miƙa hannu ga sandarsa, na janye ta don yara su yi dariya. Ya faɗi a kan gwiwar nan. Ba wanda ya yi dariya.

Kafin magariba gwiwar ta cika tam, ta yi zafi kamar tukunya a murhu. Kaka ta tsaya a kansa ta ce, "Mi ya same ka?"

Ya ce, "Tuntuɓe na yi, Inna." Ko inda nake bai duba ba.

Kwana biyu kaka tana jiƙa tsumma da ruwan randa tana ɗora masa. A na uku ta tafi Augie gaisuwar rasuwa. Wani maƙwabci, don tausayi, ya kira wanzami ya yi masa ƙaho, wai a fitar da mataccen jini. Tsaga uku ce 'yan ƙanana. Jinin ya ƙi tsayawa. Na ga an matse zane, an kawo wani, an sake matsewa, ina maƙale jikin bango. Washegari aka ɗauke shi zuwa asibiti a Birnin Kebbi, aka ƙara masa jini. Ya dawo da ransa, amma gwiwar ba ta sake lanƙwasuwa ba. Tun daga nan a zaune yake salla. Ban gaya wa kowa ba.

Na girma, na yi aure a Badariya, na haifi namiji. Da ya fara rarrafe sai kumburi ya riƙa fito masa ba dalili. Wata rana ya ciji leɓe, jini ya yini yana tsattsafowa. Bayan gwaje-gwaje likita ta zaunar da ni ta ce sunan ciwon himofiliya B. Akwai sinadaran da ke daskarar da jini, na tara daga cikinsu ne ya yi ƙaranci a jikinsa. Ba ya warkewa, amma ana rayuwa da shi. Za a riƙa ba shi sinadarin ta jijiya. In ya bugu, a kwantar da gaɓar, a ɗora ƙanƙara cikin tsumma, a kawo shi da wuri. Ban da asfirin, ban da tsaga, ban da ƙaho, kaciya kuma sai a asibiti bayan an shirya.

Sai ta ce, "Ta wajen uwa ake gadonsa. A dangin innarki akwai namiji mai irin wannan?"

Na sunkuyar da kai na ce akwai.

Satin nan na tafi Argungu. Na same shi ya yi furfura, na ba shi labarin ciwon ɗana. Na durƙusa na ce, "Kawu, ranar da ka faɗi, ni ce na janye sandar."

Ya ce, "Ɗiyata, ai ina kallonki. In na faɗa, duka za ki sha, gwiwata kuma ba ta sacewa." Sannan ya ce, "Wanga yaro naki, ƙafarshi na lanƙwasuwa?"

Na ce tana yi.

"To ki tsare mashi ita."

Yanzu ciwon yana da suna, yana da allura, ko da yake wani lokaci sai mun yi ta jira kafin a same ta. Malaman makarantar ɗana sun san abin yi in ya faɗi. Kawu shekara hamsin ya yi ana ce masa malalaci, har da bakina. Ya yafe mini tun ina ƙarama. Ni ce har yau, in ɗana ya dawo ya ce yara sun yi masa dariya don an hana shi ƙwallo, nake rasa bakin da zan zagi yaran.