Jegon da Na Yi da 'Yar Maƙwabta

Ɗana na fari bai kai ranar suna ba. Bakwaini ne. Ina haihuwarsa aka wuce da shi ɗakin jarirai aka sa shi a kwalba, ni kuma sai dai in ja jiki in je in tsaya ta bayan gilashi ina kallonsa. Ban taɓa sa shi a nono ba. Iyakar abin da ya samu daga jikina shi ne ɗan dakashin da nake tatsa a ƙaramin kofi, a ɗura masa ta wata siririyar roba da aka zura masa a hanci. Da hantsi ya cika. Kafin azahar mahaifinsa da ƙannena sun kai shi makwancinsa sun dawo.

Daga asibiti gidanmu na Gwammaja aka wuce da ni, kamar yadda aka shirya tun ina da ciki. Umma ta riga ta tanadi itace, ta sayi gero da kanwa, ta daka yaji, ta share ɗakin da ke jikin nata. Ba ta fasa komai ba. Ta ce jiki dai ya haihu, da ɗa ko babu ɗa sai an gasa shi. Safe da yamma za ta tafasa ruwa, ta ɗauko ganyen darbejiya, ta ja ni bayan gida. In na fito ta miƙo mini kunun kanwa, ta tsaya a kaina sai na shanye. Mata na shigowa gaisuwa. Waɗanda labari bai kai musu ba sukan yi sallama da barka a bakinsu, sai su ga gadon babu kowa, su haɗiye maganar, su ce Allah Ya sa mai ceto ne.

Ana cikin haka nono ya kawo. Ba wanda ya gaya mini zai zo da irin wannan ƙarfin. Ya cika ya yi tauri, ko hannu ba na iya ɗagawa, riga kuwa ina sawa take jiƙewa. Umma ta naɗe mini ƙirji da zane ta ɗaure tamau, ta ce in daure, in ya ga babu mai sha zai koma. Ni kuwa ba ciwon ne ya fi damuna ba. Ganinsa yana zuba a banza shi ke karya mini zuciya.

Katanga ɗaya ce ta raba mu da gidan wata dattijuwa da duk lungun ke kira Hajiya. Tun kafin a haife ni suke maƙwabtaka da Umma. Ɗanta tela ne, shi da matarsa suna zaune tare da ita. Matar yarinya ce, ban san ta sosai ba don bayan na tare aka kawo ta. A satin da na haihu ita ma ta haihu, sai dai jijjiga ta kama ta, aka yi mata aiki aka ciro 'ya mace, ita kuma ba ta farfaɗo sosai ba. Aka riƙe ta a asibiti, aka ba Hajiya jaririyar ta dawo da ita gida da gwangwanin madara da fida.

Kukanta nake ji ta kan katanga. Kuka ne siriri, ba ya yankewa. Duk lokacin da ta tsanyara sai in ji ƙirjina ya yi tsam, madara ta ɓalle ta cikin zanen da aka ɗaure ni da shi. Ban gaya wa kowa ba. Nakan juya fuskata bango in toshe kunne da filo.

Wata rana da la'asar Hajiya ta yi sallama. Ina ɗaki a kwance, su kuma suna tsakar gida a kan tabarma. Ta daɗe tana kewaye, ta tambayi jikina, ta yi maganar tsadar itace, kafin ta sauke murya.

"Yarinyar nan ba ta karɓi madarar ba. In ta sha sai amai da zawo. Wuyanta duk ya saki. Wallahi na rasa inda zan sa kaina."

Umma ta gane inda maganar ta dosa.

"Na san abin da nauyi," in ji Hajiya. "Kwana na yi ina juya shi kafin in iya ɗago ƙafa."

"Hajiya, wannan da kike gani ko hawayenta bai bushe ba," in ji Umma. "Yaya za a yi in ɗora mata?"

Ban san lokacin da na tashi zaune ba. Daga cikin ɗaki na ce, "Umma, a kawo ta."

Umma ta ce ba a yin irin wannan sai da sanin maigida. Bayan magariba ya zo, kamar yadda ya saba kullum in ya taso daga makarantar da yake koyarwa. Na same shi a soro na gaya masa. Tun rasuwar yaron ba mu taɓa zama mun yi maganarsa ba, kowa na tsoron ya tayar wa ɗan'uwansa da ciwo. Can ya ce, "Kin san hukuncin. In ta sha ta ƙoshi ta zama 'yarki, ta zama tawa. Ba abin wasa ba ne." Na ce na sani. Ya ce, "To Allah Ya ba ki lada. Amma ku fara zuwa asibiti a duba ki, a duba ta."

Ban iya jira ba. A daren nan na kwance zanen, Hajiya ta ɗora mini ita a cinya. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na kai mata nono, ta buɗe baki ta kama kan, ya zame. Ta sake, ya sake zamewa, don ya yi tauri da yawa. Ta ƙanƙame jiki tana ihu, ni ma na fashe da kuka. Sai a lokacin na tuna cewa ni ban taɓa shayar da kowa ba. Ina da nonon, ban san yadda ake bayarwa ba.

Washegari muka je ƙaramin asibitin unguwa. Aka ɗebi jinina, aka auna jaririyar. Da sakamako ya fito lafiya, wata ma'aikaciyar jinya mai ɗan jiki da kowa ke ce wa Sista ta ja mu wani ɗaki ta rufe ƙofa. Ta ji labarinmu ba ta katse mu ba. Sannan ta jiƙa tawul da ruwan ɗumi ta dafa mini, ta nuna mini yadda zan tatse kaɗan har bakin nonon ya yi laushi.

"Kada ki sunkuya mata, ita za ki jawo gare ki," in ji ta. "Cikinta ya manne da naki. Yauwa. Shafa mata a leɓe, jira ta wangale baki sosai. Yanzu. Ba kan kawai za ta kama ba, har da baƙin da ke kewaye."

Ta kama. Na ji jan har cikin bayana. Ta yi ta zuƙa tana haɗiya, ɗan hannunta a dunƙule a kan ƙirjina, a hankali yatsun suka buɗe. Sista ta ce in ta gama in ɗora ta a kafaɗa in shafa bayanta ta yi gyatsa, kuma kada a ba ta ruwa ko wani jiƙo. Hajiya ta ce, "Da wannan zafin?" Sista ta ce akwai ruwanta a cikin nonon, ya ishe ta. Muka hau adaidaita muka kamo hanyar gida, jaririyar na hannuna. Barci take yi a jikina, bakinta da ɗigon madara.

Haka ta dawo ɗakina da zama. Umma ke yi mata wanka, ta gasa mata cibiya, ni in karɓe ta a tawul. Zawon ya tsaya. Wuyan ya fara cikowa, kumatu suka fito. Kan nonona ya tsage a farkon kwanakin, in ta kama sai na cije leɓe, amma ban taɓa jin in fasa ba. Ranar sunanta aka yi shi ba taro saboda halin da uwar ke ciki, aka aiko mana da nama. Umma ta dafa mini ƙauri da yaji kamar kowace mai jego. Baƙin da ba su san abin da ya faru ba sukan ɗauke ta su ce, "Kai, ga goshin babanta nan," suna nufin mijina. Ba na gyara musu.

Wani lokacin ina shayar da ita sai in kama kaina ina lissafin da yanzu nawa ya kai kaza, da ya fara murmushi. Sai hawaye ya ɗiga mata a kai, in goge da gefen ɗankwali.

Gab da in yi arba'in aka sallamo mahaifiyarta. Riƙe ta aka yi har ɗakina, don ta ce ba za ta kwanta ba sai ta ga 'yarta. Ta rame, idanunta sun faɗa, tana dafe da inda aka yi mata aiki. Ta shigo daidai yarinyar na kan nono. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonmu. Na yi sauri zan cire ta, ta ce, "A'a Yaya, bar ta ta ƙoshi." Da ta gama na miƙa mata. Yarinyar ta shinshina ƙirjinta, ta juyar da kai, ta fara neman inda nake.

"Ba ta san ni ba," in ji ta. Ba kuka ta yi ba, faɗa kawai ta yi.

Nononta ya riga ya ƙafe. Muka koma wajen Sista mu uku. Ta ce yana iya dawowa, amma sai da haƙuri: a riƙa sa yarinyar a ƙirjin uwarta a kai a kai, fata da fata, ko babu abin da ke fita, don tsotson ne ke kiransa. Ta dube ni ta ce, "Ke ce za ki taimaka mata. Kullum ita ce farko, ke ce ƙarshe." Na gane abin da take nufi sarai.

Wannan shi ne aikin da ya fi kowanne wuya a jegon nan. Da sassafe zan goya ta in zagaya gidan Hajiya. In zaunar da uwar, in sa mata filo a baya, in gyara mata hannu yadda aka gyara mini. "Jawo ta. Jira ta buɗe baki." Yarinyar za ta kama, ta ja ta ji wayam, ta saki tana tsala ihu tana miƙo hannu wajena, ni kuma rigata na jiƙewa. Sai na koma tatsar nawa a kofi, tana kan nonon uwarta ina ɗiga mata da ƙaramin cokali ta gefen baki, don ta zaci daga can yake fitowa. Wata rana uwar ta ture ta ta ce, "Yaya, ki riƙe ta kawai. Ni na gaji. Ke take so." Na ce, "Ke kika haife ta. Gyara zamanki." Na faɗa da ƙarfi ne don kada muryata ta karye. Umma kuwa kullum sai ta dama kunu da yawa ta ce in kai wa uwar.

Mun ɗauki makonni a haka. Wata safiya, kafin in kai cokalin, muka ji sautin haɗiya. Muka dubi juna. Uwar ta matsa ɗaya nonon da yatsa, ga fari ya tsatso. Hajiya ta rangaɗa guɗa daga bakin murhu, uwar tana dariya tana kuka. Na yi mata barka, kuma har zuciyata na yi ta. Sannan na ɗauki kofina na zagaya gida, na shige bayan gida na rufo ƙofa, na daɗe ban fito ba.

Daga nan shan nawa ya riƙa raguwa, har ya zama sai in uwar ta shiga wanka ko barci ya ɗauke ta. Rannan Umma ta tattara 'yan kayan yarinyar da ke ɗakina, da tawul ɗin da kwandon wankan, ta miƙa musu ta kan katanga. Ni ma lokacin komawata ya riga ya wuce. Ƙanwar Umma ta raka ni gidana a Ƙofar Na'isa. Na tarar maigida ya kwashe kayan jaririn da muka saya ya kai gidan yayarsa, ya matsar da gado ya rufe gurbin da suka bari. Na sake ɗaure ƙirji da zane. Wannan karon zazzaɓi ya kwantar da ni, sannan a hankali nonon ya ƙafe.

Ba a daɗe ba telan ya sami shago a Kabuga, ya kama haya a can, suka tashi. Uwar ba ta yar da ni ba, takan kira ni a waya ta ce ta fara zama, ta yi haƙori, ta fara rarrafe. Ni kuma na yi shekaru kafin Allah Ya sake ba ni haihuwa.

Da ƙaramar Sallah ta zagayo suka zo mini yawon Sallah. Yarinyar ta soma tafiya, an yi mata kitso 'yan ƙanana, an sa mata takalmi mai ƙara. Na durƙusa a tsakar gida na buɗe mata hannu. Ta tsaya ta dube ni, sannan ta ruga ta ɓoye fuska a zanen uwarta tana kuka, irin kukan da yara ke yi wa baƙo.

Uwar ta ji kunya. Ta kama hannunta tana jawo ta. "Ke, ba ki da hankali? Mamanki ce fa. Je ki gaishe ta."

Na ce, "Ƙyale ta, ƙiwa ce. Kada ki matsa mata."

Na kawo musu tuwo da miyar taushe da cincin. Ta zauna a cinyar uwarta tana gutsurar cincin, jefi-jefi ta leƙo ni ta ƙasan gyale. Har suka yi mini sallama da la'asar ba ta yarda na ɗauke ta ba. Na raka su bakin titi, na tsaya har suka sami abin hawa.