Hannun da Kawu Ya Gwada

Jiya 'yata Rukayya, da ke ajin ƙarshe a sakandare, ta same ni a shagona na fatu. "Baba, likitanci zan karanta a jami'a ko injiniya?"

Sai na ji bakina ya ce, "Kawo hannunki in gani." Muryar marigayi Kawu ce, ba tawa ba.

Kawu dillalin fata ne a Abattuwa, mayankar dabbobi, kuma ba ya ba kowa shawarar sana'a sai ya gwada hannunsa. Da na gama sakandare na ce masa lauya zan zama. Ana yayyafi, rumfarsa na warin gishiri da jini. Ya ɗora mini ɗanyar fatar akuya a tafin hannu. Ban yi ƙyama ba, yatsana ma ya shiga laluben inda wuƙa ta huda ta.

Ya yi dariya. "Lauyan ina? Hannun nan na kasuwa ne, ɗana."

Ban je jami'a ba. Fata ta gina mini gida, ban musa ba. Amma har yau in na wuce kotu sai in ji sanyin fatar nan a tafina, in rasa ko gaskiya Kawu ya gani ko hanya ya tare mini.

Na dubi hannun Rukayya cikin nawa. Na sake shi.

"Ke wanne kike so?"

"Injiniya, Baba."

"To, shi ke nan."

Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya makwancinsa. Ni kuma ya tsare ni da tare wa yarinyar nan hanya.