Gudun da Maigidana Ya Yi da Fura a Ciki

Ko da tsufa zai kai ni ga manta sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar da maigidana, Allah ya jiƙansa, ya yi gudu da fura cike da cikinsa. Ni ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko, faɗa nake ana rubutawa. In kun ji maganar ta tsinke, kuka ne ya tare ni, don har yanzu ban saba da rashinsa ba.

Zamanin soja ne, daminar da ta biyo bayan babbar yunwa. Ina goye da ɗanmu na fari. Babana ya kira gayyar noma a gonarsa, can ƙauyenmu na Kurfai, maigidana kuwa ya zo da hauyarsa tun da safe. To, a wurinmu suruki ba ya cin abinci inda iyayen matarsa za su gan shi. Da rana ta take aka kawo fura gona, kowa ya ja ludayi, shi ko ya koma gefe yana gyara ƙotar hauya wadda babu abin da ya same ta.

Tausayinsa ya kama ni. Na cika ƙwarya, na zaga bayan wata sabara, na yafito shi.

"Ke, so kike a yi mini waƙa cikin gari?" in ji shi.

"Sha dai, ba mai ganinka."

Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya kafa kai. Bai ɗago ba sai da ya ga gindin ƙwarya. Fura ce mai kauri, da gayya innata ta dama ta haka don manoma.

Bai gama share baki ba muka ji salati. Babana ya sa hannu zai tuge ciyawa a gindin kalgo, kububuwa ta sare shi. Aka ɗaure hannun, wani dattijo mai maganin gargajiya ya yi tsaga ya shafa abin da zai shafa, amma kowa a nan ya san kububuwa. In jini ya fara fita ta dasashi, sai allurar likitan Filinge, kuma a kan jaki ba za a kai shi da rai ba. Sai wani ya ce kamyon soja, babbar motar da ta kawo hatsin taimako garin da ke gaba da mu, zai koma Filinge bayan azahar, kuma hanyarsa ta bi ta gindin dutse, can ƙetaren fadama.

Innata, wadda tun da aka ɗaura aurenmu ba ta taɓa duban maigidana ido da ido ba, sai dai ta ce "a gaya wa mutumin nan", ran nan sai ta tsaya a gabansa.

"Ɗana, kai ne ba ka sha komi ba, cikinka sakayau yake. Tahi ka tare motar nan."

Sauran samarin duk sun ƙoshi, a ganinta shi kaɗai ne mai iya gudu. Ni da shi muka dubi juna. Ya tuɓe riga, ya yar da hula, ya zura.

Na miƙa wa innata yaron na bi shi, majanyi a hannuna ban ma sani ba. Da farko ƙurarsa kawai nake hange. Ina hawa tudun rairayi sai na gan shi a duƙe, hannu ɗaya a ƙasa, ɗaya ya danne ƙasan haƙarƙari. Ya miƙe, ya ɗan taka, ciwon ya sake naɗe shi. Da na iso, gumi na zuba daga haɓarsa, leɓɓansa sun yi fari.

"Mi ya same ka?"

"Hurarki ce ke kokawa da ni," in ji shi, har da ɗan murmushi. "Kamar an soka mini wuƙa ana murzawa."

Na ce ya zauna ni in tafi. Ya ce, "Da wanga gudu naki na agwagwa? Juya baya."

Na juya. Na ji ya sa yatsa a maƙogwaro, na ji yana cewa, "Allah ka gafarta mini, hatsi ne." Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan ba. Mutumin da ya ci dusa da ganye a bara, ya binne ƙanensa saboda yunwa, shi ne ya zubar da fura da hannunsa. Ya tura ƙasa ya rufe wurin.

Duk da haka sukar ba ta sake shi ba. Ya ɗauki wani dutse mai faɗi ya ɗora inda ke ciwon, ya ce in ɗaure masa da majanyin. Na ja. Ya ce ƙara. Na ja har sai da na ji tsoro. Haka ya tashi, a karkace kamar rumbun da gara ta ci ƙafarsa, yana gudu yana nishi. Ina kallo ya faɗi cikin laka a fadama, ya tashi, bai waigo ba.

Abin da ya faru a bakin hanya, sarzan ɗin da ke shugabantar sojojin motar ne ya ba da labari da suka iso gonar. Ya ce sun riga sun wuce dutsen, sai direba ya hango wani mahaukaci, laka har ka, ɗaure da majanyin mata, yana bin su yana kaɗa hannu. Da suka tsaya, maigidana bai iya magana ba. Ya kama ƙofar motar, ya nuna gabas, ya ce, "Maciji. Baba." Sarzan ya daka masa tsawa ya saki motar gwamnati, ya ƙi saki. "Ko na harbe shi, da ƙofar a hannu zai tahi lahira," in ji sarzan, yana dariya. Suka juya kan kamyon.

Lokacin da aka ɗora babana a motar, jini ya soma fita a bakinsa. A Filinge aka yi masa allurai, hannun ya kumbura kamar tulu, yatsa ɗaya ya mutu, amma ya dawo gida da ƙafarsa. Ya rayu har ya ga auren yaron da nake goyo a ranar.

Garin duk aka yi ta yabon ƙafar maigidana, ana cewa barewa ce. Innata har ta rasu tana gaya wa mata cewa Allah ne ya sa surukinta bai sha fura ba. In ya ji, sai ya sunkuyar da kai. Ni kaɗai na ga inda dutsen ya yanke shi, ni na gasa masa wurin da ruwan zafi har ya warke. Bai taɓa ba wa kowa labarin ciwon ba, ni ma sai yau da ba ya nan ya hana ni.

Tun daga ranar, in mutum ya yi mini alheri, ba na auna shi da abin da idona ya gani. Nakan tuna wataƙila da ciwo a jikinsa ya iso gare ni, ya yi shiru. Allah ya sa ya huta.