Katunan da Ba Ka Sa wa Lamba Ba

Ranar Laraba, sha bakwai ga watan Yuni, da hantsi, ina cikin zuba wa injin buga takarda tawada, babbar ɗiyarka ta kira ni a waya ta ce, "Yaya, Baba ya rasu." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye wayar na ci gaba da aikina kamar ban ji ba. Sai da na ga tawada ta malale a kan tebur sannan maganar ta shige ni.

Malam, shekara goma sha huɗu ina buga maka rubutu. Kai marubucin abin da ya faru ne, ba ka ƙaga komai, kuma gaskiya ka wahalar da mu. A ofis "Sai Na Duba" muke kiranka a bayan idonka, ranar da ka ji kuwa dariya ka yi, ka ce sunan ya fi na yanka dacewa da kai. Ka taɓa yin tafiyar kwana biyu don ka tabbatar ko ƙararrawar masaƙa ƙarfe shida take bugawa ko shida da rabi. Ka dawo da ƙura har gira, ka sa na gyara kalma biyu. Na ce maka babu wanda zai gane. Ka ce wanda ya yi shekara talatin yana tashi da ƙararrawar zai gane, kuma shi ne mai littafin.

Ban manta ranar da na gyara maka wata jimla a ɓoye ba. Ka gano, na tsaya ina jiran faɗa, sai ka ciro jan alƙalaminka daga aljihu ka miƙo mini, ka ce daga yau in riƙa yi a fili. Da mahaifiyata ta kwanta asibiti, wata uku ka dakatar da aiki, ka ƙi kai wa kowa rubutunka. Ka ce wa mutane hannunka ne ba ya karantuwa sai a idona, don kada in ji nauyi.

Babban aikinka shi ne littafin ma'aikatan masaƙar nan da aka rufe. Shekara goma sha tara kana bin su gida-gida, mutum fiye da ɗari biyu. Ba ka ɗaukar murya, don ka ce mutum in ya ga rikoda sai ya fara wa'azi. Kwali kake yankawa kamar tafin hannu, kowace magana ka rubuta ta a kati ɗaya. Ba ka sa suna, domin ka yi musu alkawari. A ƙasan ɗakin karatunka kake shimfiɗa katunan: kowane layi babi ne, kowane ɗan tsibi mutum ne, kai kaɗai ka san wane ne. Haka muke shiga ɗakin a kan yatsun ƙafa, fanka ma ka hana a kunna. Kana kuma da doka: ba a buga maganar mutum sai an koma an karanta masa ya ce haka ya faɗa.

Sau nawa na roƙe ka ka sa wa katunan nan lamba? Har hatimin lamba na saya maka, yana nan cikin kwalinsa. Kullum amsarka ɗaya ce, wai katin da aka sa wa lamba ya zauna ke nan, naka kuwa ba su gama tafiya ba. Mako guda kafin rasuwarka ka tare ni a bakin ƙofa fuskarka kamar ta ango, ka ce, "Sun zauna. Littafi ya ƙare, saura rubutawa." Babi uku kaɗai muka buga cikin goma sha biyu.

Abin da ya biyo baya shi ne ya hana ni sukuni, kuma dole in faɗa. Ranar rasuwar gida ya cika, ruwa ya sauko, mutane suna tsaye a tsakar gida suna jiƙa. Ina ciki riƙe da hannun Mama maiɗakinka, ƙanenka ya leƙo ya tambayi mabuɗin ɗakin karatu, don kowa ya san ɗaya yana wurina. Na ciro daga jaka na miƙa masa. Ban yi tunanin komai ba, Malam, wallahi ban yi ba. Da na fito, an share ɗakin an shimfiɗa tabarmi. Ƙanenka ya nuna mini buhu biyu a bayan ƙofa, ya ce, "Kwantar da hankalinki, ko ɗaya bai ɓata ba. Mun tattara su tsaf." Ba ni da bakin zarginsa. Girmama ka ya yi.

Kwana goma sha ɗaya ke nan ina zaune gaban buhunan nan. Sai in ciro kati in ga an rubuta, "Ranar da aka rufe ƙofa na koma gida da abincina ban ci ba." Wa ya faɗa? A wane babi? Yawancin mutanen sun riga ka tafiya. Mai maɗaba'a ya ba ni shawarar in haɗa su yadda na ga dama in mayar da abin labari, wai ya fi sayuwa ma. Na san abin da za ka ce masa. Ina jin littafin nan ya mutu tare da kai, kuma da hannuna na miƙa mabuɗin.

Jiya tsohuwar nan mai ƙulla zare ta zo, wadda ta yi shekara ashirin da shida a gaban inji ɗaya. Ta haura tamanin, da sanda take tafiya. Ta ce ka yi mata alkawarin za ka zo ka karanta mata nata. Ta tambaye ni ko yana nan, na ce yana cikin buhu.

"To ciro mini, ɗiyata."

Na ciro ɗaya na karanta. Ta karkata kunne, ta girgiza kai.

"Ba ni ba ce. Ciro wani."

Har la'asar muna yi. Kati arba'in da bakwai na karanta mata, babu nata ko ɗaya, katunan kuwa sun fi dubu huɗu. Da ta gaji ta dafa bango ta miƙe, ta ce za ta dawo gobe in da rai. Na raka ta bakin titi.

Allah Ya jiƙan ka, Malam, Ya gafarta maka, Ya sa wahalar da ka sha wajen kare maganar talakawa ta zama haske a kabarinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da 'ya'yanka, da ƙanenka wanda har yau ban gaya masa abin da ke cikin buhunan ba. Allah Ya ba su haƙuri. Ya ƙara wa tsohuwar nan kwana har mu kai ga katinta. Ni kuma, Malam, ka yafe mini mabuɗin.