Ranar da Goggo ta taka rawa, wayata a cike take

Ina cikin koya wa 'yan matan ajina a unguwar Takur rawar Indiya daga wayata, sai ga Goggo ta zo ɗaukar jikarta.

Ta ce, "Malama, ta Fulani fa, wadda muke yi da ƙwarya?"

"Goggo, ban iya ba."

Ta jingine sandarta, ta ɗora kwanon wata yarinya a ka, ta fara takawa. Na ɗaga waya zan ɗauka, ashe bidiyoyin Indiya sun cika ta.

Na ce, "Ki dawo Litinin, zan goge su."

Ranar Asabar aka yi jana'izarta. Allah Ya jiƙanta.

Jiya jikarta ta ce in nuna mata takun, na kasa. Ku masu tsofaffi a gida, wace Litinin kuke jira?