Silifas Uku Kafin Motar Asibiti

A layinmu na bakin teku, inda mai shekara saba'in shi ne ƙaramin da ake aike shago, akwai wata tsohuwa Tsuyako Obata. Shekara arba'in ta yi tana feɗe kifi tana shanyawa a kan raga, har yau maguna na rako ta kasuwa don tsohuwar sabo. Mijinta Genzo ya rasu ya bar mata gidan katako, da gangar da take jiƙa kabeji da gishiri ta danne da dutse. Ba ta son komai a duniya sai ta ƙare kwananta a gidan nan.

Ran nan 'yarta Mitsue ta iso daga birnin Osaka da tarin takardu.

"Mama, ko ki zaɓi na'ura ɗaya a nan, ko ki haɗa kaya. Na ga ɗaki a gidan tsofaffi kusa da ni."

Ta fari butar lantarki ce, wadda ke tura wa Mitsue saƙo duk sanda aka tsiyayi ruwan zafi.

"Wato in na sha shayi sau bakwai sai Osaka ta sani? Ɗauke min."

Agogon hannu kuma Tsuyako ta ce zai hana ta wanke-wanke. Ta tsaya kan maɓallin da ake ratayawa a wuya: ka danna, murya ta amsa, a turo motar asibiti, a kuma kira maƙwabcin da ke riƙe da makulli. Maƙwabcin nan ni ne, Shigeo, shekarata saba'in da takwas.

Na ce, "Yaya, an rataya miki ƙararrawa, yanzu ɓeraye sun huta."

Ta ce, "Kai kuma an ba kurma aikin jiran waya. Mu duka sai addu'a."

Wata safiya da hantsi ta sunkuya ɗaga dutsen gangar, ƙafa ta zame, ƙugu ya bugi ƙasa. Tashi ya gagara. Ga maɓalli a ƙirjinta, yatsa ya kai, sai ta tuna maza uku ne za su shigo gidan. Silifas ɗin da baƙo ke sawa in ya tuɓe takalmi a ƙofa suna kabad. Kwanon karin kumallo ba a wanke ba. Ga su kamfai a shanye tsakiyar ɗaki.

Tsuyako ta ja ciki. Ta fizgo shanyar da sandar tsintsiya ta cusa ƙarƙashin matashi. Kwanon ya fi ƙarfinta, ta rufe shi da jarida. Ta kai bakin ƙofa tana gumi, ta jera silifas ƙafa uku, kowanne ya kalli cikin gida yadda ya kamata. Awa ɗaya da rabi. Sannan ta danna.

"Ku yi haƙuri na dame ku kuna tsakar aiki," in ji ta. "In da hali, ƙuguna ne. Amma kada su kunna jiniya, akwai maƙwabta."

Ni kuwa da aka kira ni, na ce ba zan bayyana gaban ma'aikata da furfura buzu-buzu ba. Na yi aski. Na nemo kwat ɗin zuwa biki. Makullin kuma na yi masa ɓoyon da ni ma bai yarda da ni ba. Ko da na fito, bayan motar na tarar tana shan kwana. Na rusuna mata dai.

A asibiti Mitsue na kuka tana faɗa. "Awa ɗaya da rabi, Mama! Saboda silifas! Gobe zan kira gidan tsofaffin."

Tsuyako ta juyo ta dube ta.

"Wauta kam na yi, ba na musu. Amma can wa zan tarba a ƙofa, Mitsue? Ni ce baƙuwa har in mutu."

Mitsue ta fita baranda, ta jima. Da ta dawo, da wata takarda ta dawo: na'urar da in mutum ya faɗi ita ke kira da kanta, ba ta jiran ya share gida.

"Marar kunya ke nan," in ji Tsuyako. "Kawo in sa hannu."

Bayan wata biyu ta dawo gidanta da sanda. Ni kuma aka soke sunana, aka ba Fumiyo mai sayar da tofu, wato awara, makullin. Shekararta tamanin da ɗaya, amma Mitsue ta ce aƙalla ba ta da gemun askewa.